Memorin Ban-ruwa

Yayana bai taɓa ɗaura agogo ba. Da waƙa yake auna ruwa.

Gonar shinkafarmu tana bakin babbar magudanar ruwa ta wajen Bunkure, tare muke noma ta tun muna samari. Da tsufa ya zo masa ido ya yi rauni, sai ya sayi 'yar rediyon nan mai cin memori, ya kai wa mai tura waƙoƙi a kasuwar Kura. Ya zauna a kansa har sai da ya jera masa su yadda yake so. Waƙar kalangu mai tsawo ta fangalin sama ce, wato yankin gonar da yashi ya yi wa yawa. Idan ta ƙare sai a toshe, a buɗe wa na ƙasa, shi kuma gajeriyar waƙar garaya ta ishe shi. Haka har ƙarshen gona. Ni na riƙa yi masa dariya, amma shinkafarmu ba ta taɓa shan ruwa ya yi mata yawa ba.

Ya rasu da rani, an gama dashe ke nan. Bayan sadakar bakwai babban ɗansa ya same ni a zaure, ya durƙusa ya gaishe ni.

"Baffa, rediyon Baba nake so. Zan kai a goge kiɗe-kiɗen nan, a zuba karatun Alƙur'ani, ko ladan ya kai masa."

Na ce, "Allah ya yi maka albarka. Ba za a goge ba."

"Baffa, mutane suna magana. Wai dattijo kamarka, ana cikin makoki, kana yawo da kalangu a aljihu."

"Su waye mutanen? Su zo su yi mini ban-ruwa."

Ya sunkuyar da kai. Yaron kirki ne, a birni yake aiki, kuma nufinsa alheri ne. Sai dai bai taɓa tsayawa cikin taɓo kusa da ubansa ya ji inda yake ɗaga hannu ya ce a toshe ba. Ni na tsaya. Yayana bai bar hoto ba sai na katin zaɓe, bai bar rubutu ba. Jerin nan shi ne abin da ya shirya da kansa.

Ranar kasuwa na sayo wani memorin, aka cika shi da karatu, na ba ɗan nasa. Na ce ya kunna a gida, ni ma ina sauraren karatu bayan asuba, ina yi wa ubansa addu'a.

Tsohon memorin kuwa yana nan cikin rediyon. Ranar da ruwa ya zagayo layinmu nakan rataye ta a kan sandar da yake rataye ta, in ƙara murya. Maƙwabcin gonata ya taɓa leƙowa ya ce, "Malam, har yanzu?"

Na ce masa har yanzu. Kalangu ya yi shiru, na sunkuya na toshe fangalin sama.