Minti Ashirin na Gwaggo Rakiya

In ka ga mutum ya fito daga sakatariyar Dutse yana sauri yana duba waya kamar wanda ya bar tukunya a wuta, ba sai ka tambaya ba, Sagiru ne. Mahaifiyarsa ƙanwar babana ce, wato taubashina ne, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa halal ɗina ne, ko alƙali ba zai hana ni ba.

A Aujara aka haife mu. Yana shekara huɗu mahaifiyarsa ta rasu, yayar babansa, Gwaggo Rakiya, ta ɗauke shi. Allah bai ba ta haihuwa ba, da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta raine shi har ya zama mutum. Tun a firamare aka ga alamar ciwon nasa: shi ne mai buga ƙararrawa, kuma ko hedimasta ne ke magana, in lokaci ya yi sai ya buga abarsa. Ya girma ya samu aikin da ya dace da shi, shirya taro a wani ofis. Ranar ɗaurin aurensa da Munira ya riga liman zuwa masallaci, ya zauna yana duba agogo yana tsaki.

Shekara biyu da suka wuce ya samu wata manhajar tsara ayyuka a waya. Wayyo, kura ta samu mayanka! Komai sai da ya shiga ciki da awarsa da mintinsa: shan shayi, aski, wankin mota, kai yara Islamiyya. Munira ta rantse min har hira da ita tana ciki, Talata da Juma'a. Amma a faɗi gaskiya, ba ya wasa da zumunci. Suna, ta'aziyya, dubiya, ba wanda ya taɓa wuce shi, kuma duk danginmu ba mai kai ƙafa gida irinsa.

Wata Asabar bayan kaka ya rage min hanya zuwa Aujara, muka fara da gidan Gwaggo. Ta shimfiɗa mana tabarma a gindin darbejiya, fuskar nan tamkar an yi mata albishir da Makka. Ta tambayi Munira, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta jawo ƙwarya ta fara dama fura. Ludayi bai gama zagaye ba wayarsa ta ɗauki kuka.

"Kiranka ake?" in ji Gwaggo.

"A'a, Gwaggo, tunatarwa ce. Lokacin gaishe ki ne ya cika."

Innalillahi! Na mintsine shi, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Gwaggo ta ajiye ludayin a hankali.

"Nawa ka ba ni?"

Sakaran nan, da yake bai iya ƙarya ba, sai ya ce, "Minti ashirin."

"To madalla. Allah ya yi albarka." Ta ɗauki faifai ta rufe ƙwaryar. Da muka miƙe ko taku ɗaya ba ta raka mu ba, ita da ta saba kai shi har bakin titi.

Sau uku ya koma a watannin da suka biyo, sau uku tana amsa gaisuwarsa a tsaye daga ƙofar ɗaki. Ba faɗa, ba zagi. "Ka gaishe ni, na amsa. Je ka, kada wayarka ta yi fushi." Ya aika da sukari da atamfa, ta rabar wa maƙwabta. Rannan sai ga shi a shagon ɗinkina da ke Dutse, ya zauna a kan benci, wuya ya yi tsawo.

"Lauratu, Gwaggo ta daina shimfiɗa min tabarma."

Na buɗe baki zan tsokane shi, sai na ga idonsa ya cika. Wallahi ya ba ni tausayi, don ba shi da wata uwa sai ita. Na tambaye shi me ya yi a kai. Ya ce ya ƙara lokacin zuwa minti arba'in.

Nan fa tausayi ya gudu, na yi dariya har sai da na taka keke ba da niyya ba. Na ce, "Kai dai an yi asarar kuɗin makaranta! Ka cire lokacin gaba ɗaya mana." Ya ce ba ya ciruwa, in ya bar gurbin ba komai, manhajar da kanta take sa ƙarfe tara na safe. Na karɓi wayar. Ni ma irinta nake amfani da ita, kuma mu teloli ba ma ba da awa, rana muke bayarwa, ita ma da in sha Allahu a gindinta. Na nuna masa ɗan maɓallin da ke ƙasan kwanan wata, wanda in ka kashe shi aikin zai hau saman shafin ranar ya zauna shiru, ba awa, ba ƙararrawa. Shekara biyu yana kallon maɓallin nan bai taɓa sanin amfaninsa ba.

Ya ɓata fuska. "Aikin da ba shi da lokaci ai ba aiki ba ne, buri ne kawai."

"To je ka ci gaba da gaisuwar tsaye."

Can ya buɗe Asabar mai zuwa, ya kwashe duk abin da ke cikinta, yana yi yana nishi kamar ana cire masa haƙori. Layi ɗaya ya bari: Gwaggo.

Na bi shi, don ba za a yi wannan kallon ba ni ba. Da hantsi muka isa. Gwaggo ta fito ta tsaya a ƙofar ɗaki yadda ta saba. Sagiru ya cire takalmi, ya gaishe ta, ya zauna daɓas a ƙasa da farar shaddarsa.

"Yau kuma minti nawa ne?"

"Yau babu minti, Gwaggo."

Ta shiga ɗaki ta jawo kwandon gyaɗa ta dire a gabansa. Babban ma'aikaci ya naɗe hannun riga ya hau ɓara. Ni ta ba ni kujera 'yar tsugunno, muka yi ta hirarmu kamar ba shi a gidan. Ina lura da shi, jim kaɗan hannunsa ya nufi aljihu, sai ya tuna ya dawo da shi. Wayar kuwa tsit.

Ya tafi sallar azahar babban yatsansa ya kumbura. Da ya dawo ya tarar da tabarma a gindin darbejiya, da dambu, da fura mai sanyi. Ya ci har yana lumshe ido, ta yi masa faɗan rama, suka shiga labarin mutanen da ni ban ma san su ba. La'asar ta yi ta wuce yana nan. Sai da rana ta yi sanyi ta ce, "Kai, tashi ka tafi, ka ishe ni. Ba ka da iyali ne?"

Ta yafa mayafi ta fito raka mu. Ta kama hannuna, sai na ji riƙon ya yi ƙarfi, tana lalubar ƙasa da ƙafa kafin ta taka. Dattawanmu ai haka suke, babbar magana ba a kan tabarma suke yin ta ba, sai wajen rakiya. Muna isa gindin mota ta tsaya.

"Idona na hagu ya tafi, Sagiru, na daman ma hazo-hazo yake. Tun kaka nake so in gaya maka. Malamin asibitin nan ya ce yanar ido ce, ana cire ta a Dutse ranar Laraba. Irin wannan ba a faɗarta a tsaye."

Sagiru ya jingina da mota, hawaye shar. Ni ma na kasa haɗiye nawa. Da ƙyar ya ciro waya ya rubuta Laraba, ya kai yatsa zai kashe maɓallin.

"Me kake yi kuma?" in ji ta. Na gaya mata.

"A'a, wannan sa masa lokaci. Ƙarfe bakwai na safe ka zo ka ɗauke ni. Asibiti ba gidana ba ne, in ka makara ba wanda zai jira ka."