Jar Akuyar da Inna Ta Ce Ba Tata Ba Ce

Inna tana da wata jar akuya, kuma ni da akuyar nan ba mu taɓa shiri ba. Ranar da na fara ganinta ta cinye mini rabin takardar da na zo da ita daga ofis, ta tsaya tana taunawa tana kallona, ko gezau. Na ce wa Inna ta sayar da wannan fitinanniya in sayo mata tumaki masu hankali. Inna tana tsince wake a faifai, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Ba tawa ba ta, ɗiyata."

Ban ɗauki maganar da wani nauyi ba. Inna mace ce da komai nata na Allah ne. In an yaba ɗakinta ta ce aro ne, in an yaba 'ya'yanta ta ce amana ce, har ranta ma cewa take ajiya ce, mai ita zai zo ya karɓa. To da ta ce akuya ba tata ba ce, sai na jefa maganar cikin sauran, na ce tsohuwa da wa'azinta. Na ji ta daga bakinta ya fi a ƙirga cikin shekara biyu, ban taɓa cewa to ta wa ce ba.

A Sakkwato nake aiki, a wani ofishi da ke raba wa manoma kayan tallafi. Aikin ya saba mini da fom da hoto da dangwala yatsa, har na kai ga ganin abin da ba a rubuta ba kamar bai faru ba. Sau biyu ina zuwa Illela da fom don in sa sunan Inna cikin waɗanda za a ba dabbobi. Takan juya takardar a hannunta, ta miƙo mini, ta ce in kai wa wadda ba ta da komai a turke. Abin yana ba ni haushi ƙwarai, don gani nake ta raina abin da na iya.

Inna ta rasu ana tsakiyar girbin gero. Ni ce babba, sai ƙanena da ke fatauci tsakanin Illela da tsallaken iyaka, mutum mai sanyin hali, wanda in na ce a yi sai ya ce to. Ranar sadakar uku gida ya cika maƙil. Mutanen Lafani sun zo, na Tozai sun zo, dangin Inna na tsallake ma sun iso. Kafin hantsi masu girki suka aiko mini cewa naman da aka sayo ba zai kai ko'ina ba. Na ce ba za a tashi daga gidan nan ana cewa 'yar Inna mai aiki a birni ta sallami jama'a da tuwo ba tsoka ba. Na ce a kama jar akuya, in an zo rabon gado a cire ta a kasona.

Mahaucin da aka kira ya shafa bayanta ya ce wannan ai uwa ce, irinta ba a cika kai mata wuƙa ba. Ƙanena ma ya ce, Yaya, ko a dakata. Na tambayi mahaucin ni na kira shi ko shi ya kira ni. Sai ya yi aikinsa. 'Yarta guda da ta rage, 'yar wata biyar, ta wuni tana kuka a turke, na sa aka mayar da ita bayan ɗaki don ta ishe ni.

An ci an yi addu'a, an yaba. Bayan la'asar, da jama'a ta ragu, wata tsohuwa daga Tozai ta matso kusa da ni. Aminiyar Inna ce tun kafin a haife ni, Gwaggo muke ce mata. Tare da ita akwai wata matashiyar mace da ban sani ba, siririya, da igiya nannaɗe a hannunta. Gwaggo ta sake yi mini gaisuwa, sannan ta ce da son samu ne ba yau za a tayar da maganar ba, amma gara a sauke wa mamaciya amanar da ke kanta tun da wuri. Ta ce Inna da kanta ta aika kafin ciwo ya kwantar da ita, ta ce a zo a ɗauka da girbi.

"Ina akuyag ga?" in ji ta.

Na ce mata an yi wa Inna sadaka da ita.

"Mi kic ce?" Ta dubi kwanon da ke gabanta, wanda ba a riga an kwashe ba. "Ita munka ci?"

Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta gyara zama ta yi mini bayani dalla-dalla kamar ana koya wa baƙo hanyar rijiya. Ta ce akuyar nan habbanaye ce. Kalmar Fulani ce, ita ma a bakin mahaifiyarta Bafulatana ta ji ta. Akuya ce da ba ta da mai ita, tana zagaya gidajen mata. Wadda hannunta ya yi ƙasa a kai mata, ta riƙe ta har ta haihu sau biyu, 'ya'yan su zama nata, uwar kuma ta wuce gidan wata. In uwar ta tsufa, wadda take hannunta ta sa ɗaya daga 'ya'yanta mata a madadinta. Ba su da shugaba, ba su da takarda, kowace ta san daga inda ta zo da inda za ta. Zuri'ar akuyar nan, in ji Gwaggo, ta zauna a Lafani, ta zauna a Tozai, ta ƙetara iyaka ta dawo ba sau ɗaya ba, har lokacin da aka rufe iyakar, ta hanyar gonaki.

Sai ta tambaye ni ko na tuna shekarar da Baba ya rasu, aka kai ni makarantar kwana da sabon akwati da katifa da bokiti. Na ce na tuna. Ta ce daga 'ya'yan kakar wannan akuya suka fito. A lokacin ne Inna ta fara karɓa. Wannan karon kuma jikar waccan aka kawo mata bayan ciwo ya share mata dabbobi, ta kuma hana a gaya mini don kada in ɗaga hankalina.

Matar da ke riƙe da igiya daga Gidan Katta take. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku, kuma ita ce ke bin Inna a layi. Shekara guda tana jira. Ta kafa turke, ta tara harawa a kan rumfa, ta tuƙa igiya da hannunta. Duk wannan Gwaggo ce ta faɗa.

Kunya ta rufe ni, amma halina bai bar ni ba. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, ranar Lahadi zan shiga kara in zaɓo wadda ta fi kowace girma a kasuwar Illela, in ma biyu suke so a ba su biyu. Gwaggo ta girgiza kai. Ta ce akuyar kasuwa ba a san uwarta ba, ba a san dalilin da ya sa mai ita ya rabu da ita ba, wannan kuwa sun san jininta, tagwaye take zubawa, ciwon damina ba ya kayar da ita. Ta ƙara da cewa ranar da aka fara sayen habbanaye a kasuwa, to mai hali zai riƙa cinyewa yana mayarwa, daga nan abin ya tashi daga na kowa ya koma na masu shi. Abin da za a karɓa kawai shi ne jinin akuyar, wato 'yar da na sa aka ɓoye a bayan ɗaki. Ita kuwa ta Inna ce halak malak, ta zama gado, sai magada sun yarda.

Ƙanena bai bari na buɗe baki ba, ya tashi ya ɗauko ta. Ranar ce kaɗai na ga ya yanke magana bai dubi fuskata ba. Matar ta durƙusa ta zura mata igiya, madauƙin ya yi mata yawa don da wuyan uwar aka auna shi, sai da ta kwance ta sake ƙullawa. Kowa a wurin ya san abin da hakan ke nufi. Maimakon nono cikin 'yan watanni, za ta sake zaman jira kusan wata shekarar.

Na roƙe ta gafara. Ta ce ba komai, Allah ya jiƙan Inna. Da ta miƙe ne na lura da ƙulli a gefen mayafinta, maiƙo ya ɓullo ta jikin yadin. Naman da aka zuba mata ne ba ta ci ba, ta ƙulle wa yara. Ta ga inda idona ya tsaya, ta sa hannu ta rufe ƙullin.

"Na hwaɗa ma yara yau za ni kai masu ita," ta ce.

Na yi kukan Inna ranar da ta rasu, amma na wannan yammacin daban ne, don a cikinsa akwai haushin kaina. Shekara biyu tana gaya mini gaskiya da baki buɗe, ni kuma ina jin wa'azi.

Na tambayi Gwaggo daga baya ko za a sa ni cikinsu. Ta yi dariya ta ce layin na waɗanda turkensu ya bushe ne, in yi addu'a kada ya zo kaina. Abin da ta yarda da shi dusa ce, don haka duk zuwana Illela nakan aika da buhu Gidan Katta.

Bara na je da kaina. Na tarar 'yar akuyar ta zama uwa, ja jawur kamar waccan, da 'ya'ya biyu suna tsalle a gindin rumfa. Har jakata ta kai wa baki, na janye da sauri. Matar ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Na ce mata kai, akuyarki ta yi kyau.

"Ba tawa ba ta, Hajiya," ta ce.

Wannan karon na tambaye ta gidan wa za ta in ta tashi daga nan.