Hatimi a Aljihun Isufu

Ban taɓa mantawa da ranar da saura ƙiris a kori Isufu ba. Lokacin ina shugaban masu aikin rana a wani shagon buga takardu da ke titin High Point Road, a ƙasar Turawa, shi kuma sabon zuwa ne daga Damagaram, yana watan gwaji. A watan gwaji, kuskure ɗaya ya isa manaja ta sallame ka.

Wata dattijuwar Baturiya daga garin Summerfield ta kawo aiki. Tana koyar da falsafar Harmisu, tsohon ilimin asiri na Masar da Girka wanda ya bi ta hannun Larabawa ya shiga Turai, masu neman ilimin ɓoye na can suka ɗora a kai. A shafi ɗaya akwai hoton hatimi daga wani tsohon rubutun Larabci, da Bisimilla a samansa.

Inji ya cinye takarda, kwafin shafin da yawa suka lalace. Dokarmu ita ce duk takardar kwastoma da ta ɓaci, injin yayyagawa za ta, ba mai fita da ita. Isufu kuwa ya ninke su ya zuba a aljihu, manaja na kallo. Ta kira ni ofis, ta ce ya tattara nasa ya nasa.

Na san matarsa na da tsohon ciki. Na ce masa da Hausa, "Malam Isufu, laya za ka yi da su ne?"

Ya ɓata rai. "Ni da hatimi? Allah ya kiyaye, ban yarda da shi ba ko kaɗan. Amma sunan Allah na ciki. Ba zan sa shi a shara ba, ko da aikin zai tafi."

Na yi wa manaja bayani, ta ce doka doka ce, sai mai takarda ta yafe. Da dattijuwar ta zo, ta tambaye shi me zai yi da su. Ya ce ƙonawa, ya binne tokar. Ta ce ta ba shi, ta kuma roƙe shi ya haɗa da wasu irinsu da ke gidanta.

An rubuta masa gargaɗi, bai rasa aikin ba.

Ku sababbin ma'aikata, aikinmu ba ya tambayar ko ka yarda da abin da ke kan takarda. Amma kafin ku jefa ta a inji, ku juya ta ku duba. Ni da na girme shi a aikin, ban taɓa dubawa ba sai ranar.