Layi Uku da Na Yanke Daga Karatun Mahaifina

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina son rubuto wannan labari, kunya tana hana ni. Ni 'yar gidan malamai ce a unguwar Limawa cikin Dutse, kuma ni ce mace ta farko a gidanmu da ta yi karatun kwamfuta. A lokacin da abin ya faru ban daɗe da fara koyarwa a wata sakandare ba, kaina a fashe yake, ga rawar kai, ga saurin baki. Duk wanda wayarsa ta rikice a unguwa ni ake kawo wa. Har ƙannena suna tsokanata wai injiniyar gida, ni kuma a raina ban ɗauke shi wasa ba.

Mahaifinmu ya tsufa yana karantarwa a zaure. Da idonsa ya fara rauni, sai yayanmu ya riƙa zama kusa da shi bayan la'asar, Baba yana faɗar karatu shi yana bugawa a kwamfuta. Kowane darasi da fayil ɗinsa, rubutu zalla ba ado. Kafin aiki ya ɗauke yayanmu daga gari, fayilolin sun haura ɗari a cikin folda ɗaya. Ya riƙa sa su ɗaya-ɗaya a wani ɗan shafin bulog, amma ɗaliban Baba suna ƙorafin wahalar nema. Sai na ce a bar ni da shi. Na rubuta 'yar manhaja da za ta bi foldar ta kwashe fayilolin duka, ta jera su, ta fitar da shafin intanet guda ɗaya mai ɗauke da komai. Ko sabon darasi aka jefa cikin foldar, da kanta za ta sake haɗa shafin. Ranar da ta yi aiki, wallahi ko abincin rana ban iya ci ba don murna.

Da na duba shafin sai na ga kowane darasi yana farawa da layi uku: bisimilla, salati, sannan layin da Baba yake faɗar wurin wanda ya ɗauko karatun. Na buɗe fayil huɗu ko biyar, duk sunan kakanmu marigayi na gani. Na ce a raina wannan ai maimaici ne, mai karatu a waya zai gaji. Na ƙara wa manhajar umarni ɗaya: ta bar bisimilla da salati sau ɗaya a can sama, ta sare layi ukun farko na kowane fayil. Ban buɗe sauran fayilolin ba, ban tambayi Baba ba, ban kira yayanmu ba. Shafi ya fito tsaf, na tura adireshinsa guruf-guruf, yabo ya yi ta zuwa har daga Jahun, ni kuma ina ta karɓa.

Baba yana da amini a Ringim, malami ne shi ma, tun suna samari suka yi karatu tare. Baffa muke kiransa. Kullum suka haɗu sai musu da tsokana, kowa yana cewa ya fi ɗan'uwansa, amma ba a taɓa yin sha'ani a gidanmu babu shi ba. Da matar yayanmu ta haihu aka aika masa, ranar suna har aka watse bai zo ba. Sai wani maƙwabcinsa ya kawo goro da saƙo, wai Baffa ya ce an karanta masa shafin Malam, Allah ya ƙara wa Malam sani. Ni da na ji saƙon har murmushi na yi, na ɗauka yabo ne. Baba kuwa ya kwana biyu ba ya walwala.

A rana ta uku da hantsi ya kira ni, ya ce in ɗauko kwamfutar in karanta masa darasin zakkar hatsi, wanda ya bambance gonar damina da wadda aka shayar da inji. Na fara karantawa da ƙwarin gwiwata. Ya tsayar da ni, ya ce in fara daga farko. Na ce ai farkon ke nan. Ya sa na karanta wani darasin, da wani, kowanne sai ya tambayi ina sunan mai karatun. A nan na yi masa bayanin dabarata, har ina ƙarawa da cewa na yi ne don shafin ya yi kyau. Bai ɗaga murya ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce darasin zakkar nan kaf na Baffa ne, shi ya warware shi da misalan manoman rani na wajensu, mutanen Ringim sun san shi da shi. Yanzu ga shi yana yawo a wayoyi da sunan wani. Ya ce shi da ya ƙare rayuwarsa yana gaya wa ɗalibai cewa albarkar ilimi a jingina shi ga mai shi, yau shi ne za a nuna a ce ya cinye na amininsa. Na rasa inda zan sa kaina.

Na koma ɗaki na buɗe fayilolin ɗaya bayan ɗaya. Ashe biyar ɗin farko ne kawai na kakanmu. Sauran akwai malamai iri-iri, akwai wata gwaggonsa da ta koya masa babin tsarki, akwai wani dattijo Bafulatani da ya fahimtar da shi shekarun dabbar layya, sunan Baffa kuwa ya fito ya fi sau ashirin. Allah ya taimake ni manhajar ba ta taɓa fayilolin asali ba, a shafin kawai take sarewa. Na goge umarnin nan, cikin ƙiftawar ido shafin ya sake haɗuwa da sunan kowa. Na fita da gudu na gaya wa Baba an gyara. Ya ce na gyara na'ura, saura mutum, in shirya gobe za mu Ringim.

Muka hau motar haya da sassafe, ina rungume da kwamfuta har muka sauka. Baffa ya karɓe mu a zaurensa da gaisuwa irin ta baƙi, babu tsokana ko ɗaya, abin da ya fi komai tayar mini da hankali. Na durƙusa na faɗi abin da na yi tun daga farko, na ce laifina ne ni kaɗai, Baba bai ma san an yanke komai ba. Ya saurare ni yana jan carbi, sannan ya ce to in karanta masa layin da na ce na yanke. Na buɗe fayil ɗin asali, wanda yayanmu ya buga shekarun baya. A ciki Baba ya ce ya ɗauko wannan karatu ne daga amininsa na Ringim, wanda ya fi shi sanin wannan babi nesa ba kusa ba, kuma shi bai fahimce shi ba sai da aminin ya zaunar da shi. Baffa ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya share idonsa da hannun riga, ya juya wajen Baba ya ce ashe dai ya sani, shekara hamsin yana musu a gabansa, ya koma bayan ido yana gaya wa na'ura gaskiya. Baba ya ce ai da ya san za a karanta masa da bai faɗa ba. Suka fashe da dariya, ni kuwa kuka ne ya ƙwace mini.

Ban ce komai ya goge ba. Waɗanda suka kwafi darasin tun farko suna nan da shi ba suna, na bi guruf-guruf ina tura gyara da ban haƙuri, na san akwai wayoyin da ban kai gare su ba. Amma yanzu duk ƙarshen wata ina zuwa Ringim, Baffa yana faɗar nasa karatun ina bugawa, manhajar tana haɗa nasa da na Baba a shafi ɗaya.

Abin da na koya shi ne na'ura ba ta san amana ba, abin da ka ce ta yi shi za ta yi, sau ɗari, ba ta tsaya ta tambaye ka. 'Yan'uwana masu wannan sana'a, musamman waɗanda iyaye suka danƙa wa rubutunsu, kada ku duba kaɗan ku yanke hukunci a kan duka, kuma kafin ku cire ko layi ɗaya ku tambayi mai maganar me ya sa ya faɗe shi. Ni na yi sa'a dattawan nan biyu suna raye har na karanta wa ɗaya abin da ɗayan ya faɗa a kansa. Da na makara, Allah kaɗai ya san ko zan samu wanda zan karanta wa.