Wutar da ta kama a motar amarya

Ranar auren autana, ni da kaina na tafi Nok ɗauko amarya. An ce uwar ango ba ta zuwa, zama take a majami'a ta jira. Na ce maigidana ya rasu, wa zai tsaya a ƙofar mutane da sunan gidanmu in ba ni ba? Babban ɗana ne ya tuƙa mu a motarsa.

Damina ce, hanya duk taɓo. Muna isa matan gidan suka kewaye motar da waƙa. A wajensu motar amarya ba ta fita tsirara, don haka suka ɗaɗɗaura mata ribon fari da ruwan hoda, har tayoyi ba su bari ba. Gwaggon amarya, wadda ta goye ta tun rasuwar uwarta, ita ce kan gaba. Ta durƙusa ta zura nata ribon cikin tayar baya, ta ƙulle da addu'a.

Ba mu fita gari ba wata wuta ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, da'ira ce da rubutu a ciki. Ni ban yi boko ba, amma na san fuskar ɗana. Gwaggo da ke zaune gaba ta tambaye shi ta mece ce. Da ya yi shiru da ya fi, amma yaron ba ya ƙarya. Ya ce ta birki ce, ABS ake kiranta.

Ta ce a tsaya. Mijinta a gangaren Kagoro ya mutu, birki ne ya ƙi. Ta fito, ta jawo amarya waje, farar riga tana jan laka.

"Maman ango, 'yata ba za ta shiga wannan motar ba. Na binne ɗaya, ya isa."

Fasto kuwa ya riga ya gaya mana yana da jana'iza da rana. In muka makara, sai wata Asabar. An dafa shinkafa, baƙi sun taso daga Godogodo da Kagarko, autana yana tsaye cikin kwat a Kafanchan. A Nok a lokacin babur kawai za ka samu. Amarya a kan babur, cikin taɓo? Ba a gidana ba.

Ɗana ya kira makanikensa, ya buɗe muryar wayar kowa ya ji. Mutumin ya ce birki yana nan yana aiki, abin da ya daina shi ne wanda ke hana taya ƙamewa ta zame a jiƙaƙƙiyar hanya. Gwaggo ta nuna masa hanyar da hannu kamar yana ganinta. Ni ma na matso kusa da wayar. Makaniken ya ce a leƙa bayan kowace taya, akwai siririyar waya, ko laka ta toshe bakinta ko ta cire.

Na kwance mayafina na shimfiɗa a ƙasa, ɗana ya kwanta a kai da kayan bikinsa. Ta gaba lafiya. Ɗayar ma lafiya. Hadari yana haɗuwa ta gabas, amarya tana kuka ba sauti, waya tana ta ƙara daga majami'a ba mai ɗauka.

A tayar baya ya daɗe. Sai ga hannunsa ya fito da ribon ruwan hoda, ya nannaɗe, ya yi baƙi. Jelarsa ce ta shige ciki da taya ta juya, ta fizge wayar daga mazauninta. Duk matan sun san ƙullin waye ne. Ba wadda ta ɗaga kai.

Bakina ya cika da magana, kuma na iya ta. Amma na tuna mijin da Gwaggo ta binne. Na karɓi ribon na ɗaura a wuyan hannuna, na ce addu'ar da aka ƙulla a ciki ba za a bar ta a laka ba.

Ɗana ya mayar da wayar, ya kashe mota ya tayar. Wutar ta kama, ta ɗan tsaya, ta mutu. Gwaggo ta ce bai isa ba. Ta shiga ita kaɗai, ta sa shi ya kai ta bakin gari ya taka birki a taɓo, ya dawo da ita. Sannan ta kama hannun amarya.

"Shiga, 'yata. Maman ango, ke zauna gaba, idonki ya fi nawa."

Har Kafanchan ban ɗauke ido daga wurin wutar nan ba. Muka tarar fasto yana bakin ƙofa yana duba agogo, 'yan kwaya, mawaƙan majami'a, sun maimaita waƙa ɗaya har muryarsu ta dushe.