Ranar da Na Gwada Kwamfutar Surukina

Gyaran kwamfuta ne sana'ata a Gummi, amma an fi sanina da kushe. Duk wanda ya sayo kwamfuta ko tablet daga Sakkwato ko Kano, sabuwa ko 'yar gwanjo, yakan biyo da ita shagona kafin ya kai gida. Sai in riƙe ta kwana biyu ko uku in gwada, abin da na gani kuma in rubuta shi da Hausa a shafina na intanet don masu niyyar sayen irinta. Akwai 'yan kasuwar da ba sa amsa gaisuwata da daɗin rai saboda wannan, ni kuwa ko a jikina.

Gwajina ba irin na masu zama a ɗaki mai sanyi ba ne. In tablet ce, nakan fita da ita bakin titi da tsakar rana in ga ko ana iya karanta fuskarta, don masu sayenta a nan yawanci ma'aikatan lafiya ne da malaman dabbobi, kuma a ƙarƙashin rana suke aiki. In babbar kwamfuta ce, irin ta masu zanen gini da masu haɗa bidiyo, sai in ɗora ta kan solar shago in ga ko za ta durƙusar da batir, in ba ta aiki mai nauyi, in dafa bayanta in ji zafi. Daga nan in kashe fanka in kara kunne. Kwamfutar da ta kusa mutuwa ba ta cika ɓoyewa ba, sai dai a ƙi saurara.

Surukina, mahaifin matata, a Anka yake. Ya yi aikin safiyo da zanen gini har ya yi ritaya. A ƙarshen aikinsa ne aka koya musu zane da kwamfuta, kuma cikin tsararsa shi kaɗai ya dage har ya iya, abin da yake taƙama da shi ba kaɗan ba. Bayan ya ajiye aiki ya yi shekaru ba wanda ya kawo masa ko zanen shago. Mutum ne marar ƙorafi, amma matata ta ce kullum da safe sai ya goge teburinsa ya jera rula da fensir, sannan ya fita zaure ya zauna har azahar.

Ana nan sai mutanen wani gari a yankin Bukkuyum suka kafa kwamiti za su gina ƙaramin asibiti da taimakon kai da kai. Wani cikinsu ya tuna da shi. Suka ba shi aikin zanen, da sharaɗin a yi shi da kwamfuta a buga a manyan takardu, a kawo ranar da za su zauna da masu ba da izinin gini, kafin damina ta kankama. Bai shawarci kowa ba ya tafi Sakkwato ya sayo kwamfuta. Sai da ta kwana a gida ya aiko a ce in zo in duba.

Na je ranar Asabar da hantsi. Na tarar an shimfiɗa tabarmi a zaure, an fito da tebur, an ɗora ta a kai an lulluɓe da sabon mayafi. Abokansa dattawa huɗu suna zaune, har da liman na unguwa. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa na gaida su ɗaya bayan ɗaya, kaina a ƙasa.

"To, Malam," in ji surukina, don haka yake kirana, "ga ta nan. An ce kai ad da idon abin. Duba muna."

Ya yaye mayafin da kansa. Ƙatuwa ce baƙa, irin wadda manyan ofisoshin zane na ƙasashen waje ke aiki da ita shekara da shekaru kafin su sallama. A zamaninta ba ta da na biyu, kuma ko a lokacin ƙarfinta ya ishi aikinsa har da ragi. Aka tada ƙaramin janareta, na kunna. Janaretan ya yi nishi amma ya ɗauka. Fuska ta kawo tas, manhajar zane ta buɗe ba jira. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce wagga ai ko ofishin gwamna sai haka.

Da na sunkuya kamar ina duba wayoyin baya, na kara kunne. Duk da ƙarar janareta na ji shi: ƙas, ƙas, a tsaya, a sake. Ma'ajiyar bayanai ce, inda duk abin da aka zana yake zama. Na buɗe inda na'ura ke faɗin lafiyarta, ita ma ta tabbatar. Irin wannan tana iya kai wata uku, tana iya ƙin kai mako. Da a shagona ne, da kafin mai ita ya zauna na ce masa an cuce shi, ya mayar ko ya canza ma'ajiya kafin ya ɗora ko hoton ɗansa.

"Mi kag gani?" in ji shi.

Dattawan duk suka zuba mini ido. Shi kuwa ya ɗora hannu a kanta yadda mai kiwo ke dafa bijiminsa ranar kasuwa.

Na ce, "Baba, ta yi kyawo ƙwarai. Allah shi sa albarka."

Liman ya yi addu'a, aka shafa. Aka kawo fura na sha, na kama hanya da wuri, don a lokacin ba a son la'asar ta riski mota tsakanin Anka da Gummi.

Wanda ba ɗan nan ba, zai ce me ya hana ka faɗa. A wurinmu miji ba ya kallon idon uban matarsa, balle ya ce masa a gaban tsararsa an yi masa wayo a kasuwa. Lambar wayarsa tana wurina, amma barka da Sallah kawai nake yi da ita. Magana mai nauyi tana da hanyarta: kai ka gaya wa matarka, ita ta gaya wa uwarta, uwar ta nemi lokacin da ya dace ta gaya wa maigida. Ta nan aka bi da maganar aurena, ta nan aka bi da ta sunan 'ya'yana, kuma ba a taɓa samun matsala ba. Don haka ina isa gida na kira matata.

"Ki hwaɗa ma Inna ta hwaɗa ma Baba, ma'ajiyar kwamfutar ga ta kusa mutuwa. Kar shi ɗora aiki bisa. Shi aiko min da ita in canza."

Ta dube ni. "Haka za ni ce ma Inna? Abin da yas sawo da kainai?"

"Haka nan."

Sai daga baya na san yadda saƙon ya yi tafiya. Matata ta gaya wa Inna cewa kwamfuta ta yi kyau, sai dai akwai ɗan wani abu a cikinta da ya tsufa, ina so in canza. Inna ta jira ya ci abinci ya sha ruwa, ta ce masa surukinka ya yaba ƙwarai, har ya ce in ka samu sarari ka aika mai da ita ya ƙara mata ƙarfi. Amsa ta biyo hanyar da saƙo ya bi: an gode, ƙarfin da take da shi ya isa, in an gama aikin asibiti sai a aiko.

Da na ji amsar na gane an tace maganata har ba abin da ya rage. Ina iya hawa mota in koma. Ina iya samunsa shi kaɗai bayan sallar azahar in durƙusa in faɗa, ba wanda zai ce na yi rashin kunya. Abin da na yi shi ne na sayi filas, ɗan abin nan na ajiye bayanan kwamfuta, na bayar a kai masa, da saƙon ya riƙa kwafe aikinsa a ciki. Wannan ma ta hannun Inna ya bi, ya isa a matsayin tsaraba. Ni kuma na ce wa raina na fita haƙƙinsa, na koma kushe tablet ɗin mutane.

Mako uku ya yi yana aiki. Matata ta ce ya daina zaman zaure, har Inna na faɗan abinci na hucewa. Ya je garin sau biyu ya auna fili, ya zauna da ungozoma ya tambaye ta ta ina ya kamata ƙofar ɗakin haihuwa ta kalla don kada mata su bi ta gaban maza. Saura kwana huɗu zaman kwamiti, ya kunna kwamfutar da safe ta ƙi tashi.

A motar haya aka kawo mini ita, an naɗe ta da bargo. Kwana biyu na rufe shago ina fama. Na cire ma'ajiyar na haɗa da wata kwamfuta, na gwada duk dabarar da na sani da wadda na tambayo abokan sana'a a Kano. Ko layi ɗaya bai fito ba. A cikin kwalin da aka haɗo da wayoyi na ga filas ɗina, ko ledarsa ba a yage ba.

Ya je zaman da zanen fensir na farko da ya yi a takarda. Masu ba da izini suka ce ba haka aka yi da su ba. Kwamiti ba su da lokacin jira, ga hadari ya fara haɗowa, sai suka ba wani ofishin zane a Gusau. An ce sun ba shi haƙuri sosai, har sun raka shi tasha.

Na sa sabuwar ma'ajiya na kai masa kwamfutar da kaina. Wannan karon shi kaɗai ne a zaure. Bayan gaisuwa ya ce, "Ran da kad duba ta, ka ji wanga ƙara da taka yi?"

"Na ji, Baba."

"Ka san ko mi na?"

"Na sani."

Ya gyaɗa kai. Ya tambaye ni ko an yi ruwa a Gummi, na ce an yi yayyafi. Bai ƙara ta da maganar ba, har yau. Na so ya yi faɗa, don faɗa yana da ƙarshe. Kunya na ji da haushin kaina, na kwaso su na dawo gida.

Bayan kaka wani direba da ke jigilar Anka zuwa Gummi ya shigo shagona da tablet mai alƙalami, irin ta masu zane. Ya ce ta wani maigidansa ce, yana so a duba kafin ya yanke shawarar riƙewa ko mayarwa. Ban tambayi ko wane ne ba. Na gwada ta kwana biyu, na yagi takarda na rubuta ba sassauci: batir ya gaji, alƙalamin yana tsallake layi a gefen hagu, fuskar an taɓa canza ta da ta banza, wanda ya saya bai san kaya ba, a mayar yau kafin gobe. Direba ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Da Sallah muka je Anka gaisuwa da yara. An shigar da ni ɗakinsa don zauren ya cika. Ina durƙushe, idona a ƙasa kamar kullum, sai na hangi takardar a gefen tebur, an danne ta da rula. Rubutun hannuna ne. Ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin kowane aibi da na lissafa, har da inda na ce wanda ya saya bai san kaya ba.

Ya ga na gani. Ya miƙa hannu ya ɗauki ƙaramar jikarsa ya ɗora a cinya, ya ce, "Malam, ya hanya?"

Na ce, "Lahiya lau, Baba."