Baba Njidda da Ƙafafun Keke

Kafin mahautan unguwarmu Briqueterie su gama rataye nama, Baba Njidda ya riga ya share ƙofar rumfarsa, ya baje sukundireba da 'yar kwalbar mai. Gyaran keken ɗinki ne sana'arsa tun muna yara, kuma ba ya sallamarka sai ya haɗa maka da maganar Dattijo.

Dattijon nan, in ji shi, yana cikin manyan da suka yi fafutukar neman 'yancin kai, kuma mahaifin Baba ne telansa. "Dattijo ya ce mai 'yanci shi ne wanda hannunsa ke ciyar da bakinsa." "Dattijo ya ce wanda ya zubar da na jiya zai roƙi na gobe." Mu dai dariya muke yi, don har yau ba mu tantance ba ko Dattijon ne ya faɗa, ko Baba ne ke ƙera su a rumfa.

Da teloli suka koma sa wa kekunansu injin lantarki, kowa ya kwance ƙafar da ake takawa ya miƙa wa masu sayen tsohon ƙarfe. Shi kuwa ya bi yana karɓa, yana jibgewa a bayan rumfa, yana shafa musu mai. Mun sha yi masa tsiya a kan tarkacen nan.

Bara, ƙaramar Sallah na ƙaratowa, taransifomar layinmu ta ƙone, wutar lantarki da muke kira kuran ta ɗauke. Jaratu, wadda mijinta ya rasu ya bar mata shago da yara, ta karɓi ɗinkin mata jingim, karon farko ke nan da aka yarda da hannunta. In ta saɓa alkawari, ba mai sake kawo mata ko ɗankwali. A gabana ta iso rumfar Baba tana share hawaye.

"Baba, kuran ya tafi, wai sai bayan Sallah. Na shiga uku."

"Ko ɗaya ba ki shiga ba, 'yata. Ƙafarki ma da kuran take aiki?"

Ya ɗora ƙafar keke a baro, ya tura da kansa har shagonta, ya ɗaura, ya yanka igiyar fata ya saƙala. Sai ga wata sabuwa: Jaratu ba ta taɓa taka keke ba. Ta taka, ya juya baya, zare ya tsinke. Baba ya ja kujera ya zauna yana tafa mata hannu a hankali har ƙafarta ta kama kiɗan. Wallahi da na ji keken ya miƙe, sai da na sauke ajiyar zuciya. Kafin la'asar teloli sun yi layi a bayan rumfa, har da mu masu tsiya.

Bana idonsa ya yi rauni, ya ce zai huta. Baba, kai ne ka jure dariyarmu ba ka taɓa ramawa ba. Kai ne ka sa matan layinmu suka fita idi da sabbin kaya, Jaratu kuma ta riƙe shagonta da mutuncinta. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya.

Ku kuma teloli, ku yi koyi. Kafin ku miƙa wa mai ƙarfe wani abu, ku leƙa wajen Jaratu. Wuta ta dawo tuntuni, amma da aka zo mayar mata da injin cewa ta yi, "A bar min ƙafata."